Farar Hula, Talaka da Wanda Bai Ji Ba Bai Gani Ba

Tambaya: Malam, me ya sa ake cewa fararen hula ba a cewa fararen huluna? Kuma su wane ne fararen hular da ake nufi a dokar laifukan cin zarafin bil'adama?

Amsa: Ba hula ake ƙirgawa ba, mutane ake ƙirgawa, shi ya sa jam'i ya sauka a kan siffa ya bar hula yadda take. Wanda ya ce fararen huluna yana maganar kayan sawa ne. Farar hula harɗaɗɗen suna ne da ke kiran mutum da abin da ake gani a jikinsa, domin a bambanta shi da mai kaki, kuma daga nan aka sami mulkin farar hula.

A shari'a kuwa, ba a bayyana farar hula da abin da yake ba, an bayyana shi da abin da ba shi ba ne. Sashe na 50 na Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1977, wadda aka ɗora a kan Yarjejeniyoyin Geneva na 1949, ya ɗauki duk wanda ba ya cikin rundunar mayaƙa a matsayin farar hula, ya kuma ƙara da cewa idan aka yi shakka a kan mutum, to a ɗauke shi farar hula. Muhimmancin kalmar ya fito a sashe na 7 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya: kisa ko azabtarwa ko korar mutane daga gidajensu ba ya zama cin zarafin bil'adama sai ya kasance ɓangare na hari mai faɗi ko mai tsari a kan kowace jama'a ta fararen hula, kuma mai aikatawa ya san da harin. Ina roƙon masu fassara kada su yar da kalmar "kowace". Tana nan tun a dokar da aka sa wa hannu a Landan a 1945 domin shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Jamus na Nazi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma aikinta shi ne ta shigo da 'yan ƙasar mai laifin kansa, domin dokar yaƙi ta wancan zamani ba ta kare Yahudawan Jamus daga gwamnatin Jamus ba.

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa an kashe "waɗanda ba su ji ba ba su gani ba". Ashe ba wannan ce Hausar da ta fi dacewa da fararen hula ba?

Amsa: Wannan magana ta daɗe tana damuna, kuma na gode da aka kawo ta. Hausa ce mai kyau, mai taɓa zuciya, amma ba ma'anarsu ɗaya ba. Wanda bai ji ba bai gani ba shi ne wanda ba shi da hannu a cikin al'amari, wato magana ce ta wanke mutum daga laifi. Farar hula kuwa matsayi ne, ba shaidar kirki ba. Mutum yana iya zama ɗan siyasa mai zafin baki, ko mai goyon bayan ɓangare ɗaya a fili, ko ma ɓarawon da ke tsare a kurkuku, ya ji kuma ya gani, amma duk da haka farar hula ne, kuma doka ta kare shi.

Haɗarin musanya kalmomin nan biyu ba ƙarami ba ne. Idan muka saba wa kunnuwan mutane cewa marar laifi kaɗai ake tausayawa, to mun buɗe wa azzalumi ƙofar da ya fi so, domin kusan babu mai kai wa jama'a hari da ba ya fara da cewa suna da laifi: sun ɓoye maƙiya, sun ciyar da su, sun yi murna da nasararsu. Mai labarin da ya ce an kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ba da saninsa ba ya amince cewa da sun ji sun gani, da akwai abin dubawa. Haka nan masu cewa talakawa. Talaka kishiyar mai sarauta ne ko mai dukiya, ba kishiyar soja ba. Alƙali da attajiri da likita fararen hula ne, alhali ƙaramin soja yana iya zama talaka tilis. Bayin Allah ma da ake faɗa kalmar tausayi ce da ta game kowa har da mai bindiga. Duk waɗannan suna da wurinsu a ta'aziyya da wa'azi, amma wanda ke ba da labarin shari'a ya kamata ya riƙe kalmar da shari'a ta riƙe.

Tambaya: Jama'a ko al'umma, wacce ta fi daidai wajen kiran fararen hular da aka kai wa hari?

Amsa: Jama'a, domin al'umma tana nuna haɗin addini ko asali, dokar kuwa ba ta sharɗanta haka ba, saɓanin kisan ƙare dangi. Ba kuma lallai ne harin ya shafi kowa da kowa a yankin ba, kamar yadda kotun duniya da aka kafa domin laifukan da aka yi a tsohuwar Yugoslabiya ta bayyana a shari'ar Kunarac a 2002, muddin ba 'yan tsirarun mutane aka tsinta nan da can ba.

Tambaya: Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan akwai mayaƙa a cikin ƙauye, mutanensa sun daina zama fararen hula ke nan?

Amsa: Karin maganar gargaɗi ce ga mutane su kula da na cikinsu, domin abin kunyar mutum ɗaya yana shafar sunan sauran. Ba izini ba ce ga na waje ya yi musu kuɗin goro. A nan doka ta saɓa wa zahirin karin maganar kai tsaye: sakin layi na uku na sashe na 50 ɗin nan ya ce kasancewar wasu da ba fararen hula ba a cikin jama'a ba ya cire wa jama'ar siffarta. A shari'ar Tadić a 1997 kotun Yugoslabiya ɗin nan ta tsaya a kan cewa abin dubawa shi ne rinjaye, wato mafi yawansu fararen hula ne. Alƙalai sukan duba yawan mayaƙan da abin da ya kawo su, ko suna bakin aiki ko sun zo ganin iyalinsu.

Tambaya: Harin kan mai uwa da wabi fa?

Amsa: Yana nufin harin da bai tantance kowa ba. Bai cika ma'anar harin da ke zama cin zarafin bil'adama ba, domin sashe na 7 na Yarjejeniyar Roma yana neman manufar wata gwamnati ko ƙungiya a bayan harin.

Tambaya: Sojan da aka kama ko ya ji rauni ya ajiye makami, ya koma farar hula?

Amsa: A harshen yau da kullum ba ma cewa haka, muna cewa fursunan yaƙi ko wanda ya miƙa wuya, kuma a nan harshe ya yi daidai da hukunci. Sashen ɗaukaka ƙara na kotun Yugoslabiya ya ce a shari'ar Blaškić a 2004 soja ba ya zama farar hula don kawai ba ya riƙe da makami a lokacin. Sai dai a shari'ar Martić a 2008 kotun ta raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: jama'ar da aka nufa da hari dole ta zama ta fararen hula, amma ba dole kowane wanda aka cuta ya zama farar hula ba. Saboda haka sojan da aka kashe a tsare, idan kisansa ɓangare ne na wancan harin, ana lissafa shi cikin waɗanda aka yi wa laifin ba tare da an kira shi farar hula ba.