Amsa kan harshen wuta na biyu da ke mutuwa da wuri a ATP

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana aikin digiri na biyu kan layin 330 kV, ka zana shi a ATPDraw, wato fuskar zane ta manhajar ATP mai kwaikwayon layukan lantarki, ka haɗa fes ɗaya (ɗaya daga rukunin wayoyi uku na layin) da ƙasa, amma bireka mai yanke wutar na buɗewa sai wutar ta mutu nan take, shi ne kake tambaya ko manhajar ce ke da matsala. Lafiyarta ƙalau. A hoton da ka turo na ga maɓalli ne da rezista mara canzawa ka sa a wurin da waya ta taɓa. Ni ma da haka na fara, har na kai rahoto gaban maigidana a wurin aiki, ya duba ya ce, "Kai, wannan wutar taka ba ta san iska ba."

Idan tsawa ta faɗa kan layi, ko hayaƙin ƙunar daji ya haɗa waya da ƙarfen hasumiya, harshen wutar da ke fara tashi a cikin iska, wato harshen farko, na ɗauke da dubban amfiya. Rile, na'urar da ke gano matsala, ya sa bireka ta buɗe fes ɗin da abin ya shafa kaɗai, sauran biyun suna nan da wuta. To su biyun nan ne ke ci gaba da shayar da wayar da aka yanke, ta kafasitans ɗin da ke tsakanin wayoyi, da kuma maganaɗisun lodin da suke ɗauke da shi. Abin da ke gudana, wato harshe na biyu, amfiya gomomi ne kawai, amma ya isa ya hana iskar da ta riga ta yi zafi hucewa. In bireka ta sake rufewa kafin harshen ya mutu, kan matsala ta rufe, fes uku duk su fita.

Rezista ba za ta kwaikwayi wannan ba. Nemi lissafin da Kizilcay da Pniok suka fitar a 1991, ka rubuta shi da MODELS, yaren rubuta lissafi da ke cikin ATP. Tushensa na komawa ga Cassie a 1939 da Mayr a 1943, sai dai su tartsatsin cikin bireka suka yi wa aiki, wannan kuwa a sarari yake ci. Iya ɗaukar wutar harshen na bin karant da ɗan jinkiri, boltejinsa na hawa gwargwadon tsawonsa, tsawon kuma na ƙaruwa ninki-ninki yayin da iska ke jansa.

Layin ma ka gyara shi. Yi amfani da JMarti, ɗaya daga samfuran layi na ATP, ka shigar da ainihin tsayin hasumiya, tazarar wayoyi da wuraren da ake musanya fes. Dogon layi irin na Kainji zuwa Birnin Kebbi, mai kimanin kilomita 300, kafasitans ɗinsa ba wasa ba ne. In akwai riyakta, naɗin wayar da ke rage tasirin kafasitans, a bakin layin, gwada ƙara ƙafa ta huɗu a nutural, dabarar Knudsen da Kimbark ta farkon shekarun 1960, za ka ga karant ɗin ya faɗi warwas.

Ga inda nake jan kunnen ɗalibai. Lambobi biyu na yarda da su daga kwamfuta: girman karant na biyu, da boltejin da ke dawowa kan wayar bayan harshen ya mutu. Waɗannan lissafin layi ne tsagwaronsa. Lokacin mutuwar kuwa, kai ne ka ƙayyade shi tun sa'ad da ka rubuta saurin miƙewar harshen. Na ga rikodin matsala biyu a layi ɗaya, karant kusan iri ɗaya, ɗaya ya mutu cikin ƙiftawar ido da yake iskar hunturu na kaɗawa, ɗayan ya yi ta ci a daren bazara da ko ganye ba ya motsi. Saboda haka kada ka kai wa malaminka lamba guda. Sauya saurin miƙewar sau da yawa, ɗauki mafi muni, ka ƙara lokacin hucewar iska, sannan ka gwada shi da jiran kusan daƙiƙa ɗaya da aka saba sa wa bireka.

Turo min fayil ɗin da zanen hasumiyar, in Allah ya kai mu Asabar zan duba maka.