Da wane suna za su kira juna a cikin labari?

'Yar'uwa, kin tambaya ko laifi ne matar da ke cikin labarinki ta kira mijinta da sunansa na yanka, yara kuma su riƙa cewa Momi da Dadi. Ni dai ina ganin sai kin fara sanin gidan wa kika shigar da mu.

Da na gama labarina na farko, na kai wa gwaggota a unguwar Bagalam ta Maradi, ina karanta mata bayan isha'i tana ɓarar gujiya. Na zo inda uwa ta ce wa ɗanta na fari, "Ibrahim, zo nan." Sai ta dakata da ɓarar, ta ce, "Wagga mata ba ta da kunya? Ɗan farin nata?" Har na kai ƙarshe ba ta sake tausaya wa uwar nan ba, alhali ita na so a tausaya wa. Tsohuwar da ta tashi da alkunya ba ta kama sunan ɗan fari, sai dai "kai" ko "yaron nan" ko wani laƙabi. Mijinta Malam ne, ko Alhaji, ko Baban su wane. Yaron da ya ci sunan kakansa ma sai ya koma Abba ko Baba, don kada a kama sunan tsohon.

Mun taso da littattafan Kano da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, shi ya sa hannunmu ke saurin rubuta Anti da Momi. Can sun zauna daidai. Amma in gidan ma'aikaci ne a Maradi, Tanti da Tonto za ki ji, malamin lakwal kuma Mushe. Dattijon da ya fito daga Tibiri "ɗiyata" zai ce, a gaban sarki kuma "ranka shi daɗe". Kaka ta ce wa jikanta "maigidana" tana tsokanarsa kan kuɗin cefane. Wannan kaɗai ya ishe ki shafi guda na raha.

Inda abin ya fi yi mini amfani shi ne ranar da kira ya canza. Amaryar da ta shekara tana ce wa uwargida Yaya, ran da ta buɗe baki ta ce "ke", ba sai kin rubuta cewa zama ya ɓaci ba.

To matar labarin naki, in 'yar boko ce kuma tare suka yi karatu da mijin, ta kira sunansa a ɗaki, babu mai musu. Amma da uwar mijin ta yi sallama a zaure, ki sa harshenta ya koma "Baban Ummi". In kuwa ta manta ta kira sunan a gabanta, ki bar tsohuwar ta ajiye kofin ruwan da aka ba ta ba tare da ta sha ba.