Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Birni da yara, da zancen leƙa coci

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya aiki. Ni magidanci ne a nan Damagaram, unguwar Garin Malam. Ƙanena zai zo daga Kano da iyalinshi wannan bakans ɗin, yara shida in an haɗa da nawa, kuma wallahi kunya nake ji dan a garin nan aka haife ni amma ban taɓa shiga gidan sarki ba, sai dai kallon hawa ran salla. Ta ina zan fara da su? Sannan babbar 'yata ta dame ni wai sai ta ga cikin cocin misiyon, dan ƙawarta ta lakwal can take zuwa, ni ko ban san ko ana barin mutum ya shiga ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, lafiya lau. Kunyar nan ka aje ta, rabin mutanen garin nan haka suke, sai baƙo ya zo muke tuna muna da tarihi.

Ku yi sammako, ƙarfe takwas ta same ku a Birni, tsohon garin da fada take, dan in rana ta take yaran nan ba Sarki Tanimun ba ko wa ka ambata ruwan sanyi kawai za su tambaye ka. Ku fara da ƙofar fada. Ka tuna fa gidan nan da mai shi a ciki, sarki na zaune, ana shari'a ana sulhu, saboda haka kar ka kutsa kai kamar ka zo muze. Ka sami dogarawa, masu ja da kore ɗin nan, ka gaishe su da kyau ka ce baƙi ka kawo daga Kano, su za su haɗa ka da mai zagawa da ku, inda aka ce a cire takalmi a cire, inda aka ce ban da hoto a maida waya aljihu, in kun gama ka ba da na goro. Gidan tun zamanin Sarki Tanimun yake, wajen 1850, shi ne ya ƙarfafa ganuwa har aka riƙa ƙera mishi igwa a nan cikin gari. Ka faɗa ma yaran Kano wannan da ƙarfi, su san ba su kaɗai ke da badala ba, ko da yake tamu saura guntaye.

Daga nan ku bi lungunan da ƙafa. Ni abin da ya fi burge ni a Birni shi ne fuskar gidaje, zanen da magina suka yi a jikin katanga da zankwaye a bisa soro, wani an shafe shi da launi wani ƙasa ce zalla damina na cinta kaɗan kaɗan. Na taɓa tsayawa ina ɗaukar wata ƙofa hoto sai ga tsohuwa ta leƙo da tsintsiya a hannu ta ce "yarinya, ƙofar kika zo gaidawa ko masu gidan?" Ban sake ba tun ranar. A nan cikin Birni ne kuma za a nuna muku inda Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kanshi Abdul Karim, ya sauka a ƙarshen 1852 kafin ya kama hanyar Tumbuktu.

Barikin da ke bisa duwatsu kuwa daga nesa za ku gan shi, na soja ne, kar yaro ya ɗaga waya wajen. Labarin dai ka ba su: a 1898 aka kashe kyaftin ɗin Faransa Kazamaju a garin nan zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 Nasara suka ci mu a Tirmini suka sa ma barikin sunan mutumin nasu. Zinder, wato Damagaram ɗin nan tamu, ita ce babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da aka maida shi Yamai.

To zancen coci. Hukuncin addini ka tambayi malaminka, ba fagena ba ne, ni ladabin zan faɗa maka. Kiristoci ba baƙi ba ne a garin nan, 'yan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, tun 1924 suka sauka Zinder, cocin Katolika kuma, wato na misiyon ɗin, a ƙarƙashin bishop na Maraɗi take. Amma ka san abin da ya faru a Janairun 2015, lokacin zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, aka cinna ma coci-coci wuta a nan har da santar ɗin al'adu na Faransawa. Mutanen da aka ƙona ma wurin ibada in suka ga baƙon fuska da zugar yara a bakin get dole gabansu ya faɗi, kar ka ji haushi in mai gadi ya tsare ka da tambaya. Hanya mafi sauƙi tana hannun 'yarka: ta gaya ma ƙawarta, ita kuma ta gaya ma iyayenta, su nemo muku izini su raka ku. Ban da Lahadi da safe suna tsakiyar addu'a, ban da hoto sai an ce to, kuma ka ja ma ƙananan kunne tun daga gida kar wani ya ga mutum-mutumi ya kwashe da dariya ko ya saki wata magana. In aka ce yau ba dama, ku yi godiya ku juya.

In da sauran ƙarfi ku ƙarasa Zango, inda ayarin Buzaye ke sauka a da, ku ga gidajen tsoffin attajirai. Kasuwar Dole kuma ku bar ma matar ƙanenka ita ran Alhamis, kayan fata za ta saya ta manta da ku.