Gayyatar shiga Tau Beta Pi: in karɓa ko in bari?

Tambaya: Ina shekara ta uku a karatun injiniyan lantarki a wata jami'a a Amurka. An aiko mini da takardar gayyata in shiga ƙungiyar Tau Beta Pi, amma sai na biya kuɗin shiga, na kuma yi wasu awoyi na aikin sa kai kafin a rantsar da ni. Ga darussa sun yi mini yawa, ga aikin da nake yi a ɗakin karatu don samun na kashewa. Mahaifina kuma da ya ji sunan sai ya ce kada in kuskura in shiga ƙungiyar asiri. Me kuke gani?

Amsa: Ƙanena, bari mu fara da damuwar Baba, domin duk wanda ya san irin ɓarnar da ƙungiyoyin asiri suka yi a jami'o'in Najeriya ba zai ga laifinsa ba. Ka kwantar masa da hankali. Tau Beta Pi ƙungiyar karramawa ce ta ɗaliban injiniya, wadda wani malami mai suna Edward Williams ya kafa a Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania a 1885, a zamanin da tsohuwar ƙungiyar Phi Beta Kappa ta fi karkata ga masu karatun adabi da kimiyya. Haruffan Girka da ke sunanta al'ada ce kawai ta jami'o'in ƙasar. A cikin ɗaliban digiri na farko, ba a gayyatar kowa sai wanda sakamakonsa ya shiga kashi ɗaya bisa takwas na sama a shekara ta uku, ko ɗaya bisa biyar a shekarar ƙarshe. Takardar da ke hannunka shaida ce cewa guminka bai tafi a banza ba.

Shawarata ita ce ka karɓa, amma ka san abin da kake saye. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biya, mutum ya zama mamba har ƙarshen rayuwarsa, don haka nauyin ba a aljihu yake ba. Nauyin yana kan lokacinka, kuma kowane reshe da nasa sharuɗɗan: wani ya ce ka koyar da 'yan shekarar farko lissafi, wani ya haɗa da halartar taruka da goge tambarin ƙungiyar na tagulla har ya yi ƙyalli. Zango ɗaya ne ake wannan wahalar.

Inda ɗalibai da yawa ke yaudarar kansu shi ne zaton cewa sunan ƙungiyar a takardar neman aiki zai buɗe musu ƙofa. Mai ɗaukar aiki ya riga ya ga makinka, sunan bai gaya masa sabon abu ba. Ribar tana wajen mutanen da za ka zauna da su: 'yan shekarar ƙarshe da suka san kamfanin da ke ɗaukar baƙo aikin koyon sana'a, da tsofaffin mambobi da ke zuwa tarukan reshe daga kamfanoni, da malamin da zai san fuskarka kafin ka roƙe shi takardar shaida. Ga ɗalibin da ya zo daga nesa, ba shi da kawu ko abokin uba a masana'antar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar kuma tana ba mambobinta tallafin karatu, har da na digiri na biyu, sai dai ana gasa a kansa. Tunda lantarki kake karanta, wataƙila Eta Kappa Nu, ƙungiyar karramawa ta ɗaliban injiniyan lantarki wadda aka kafa a 1904 kuma take ƙarƙashin IEEE, babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki, tun 2010, ita ma ta neme ka. In lokaci ya yi ƙaranci, zaɓi wadda reshenta ya fi motsi a jami'arku.

Idan niyyarka ka dawo gida da zarar ka gama, to ka sani a Najeriya rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ce za a tambaye ka, ba wannan ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka samu shugaban reshen ka tambaye shi adadin awoyin da ake bukata, da ko akwai sassaucin kuɗi ga mai ƙaramin ƙarfi, da yadda bikin rantsarwar yake gudana, don ka samu abin da za ka faɗa wa Baba. Muƙami a reshen kuwa, ka dakata da shi har sai ka ga sakamakon wannan zangon.