Wane yashi zan zuba wa kyanwata da ba zai tayar da ƙura ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya, ina da kyanwa guda da ba ta fita waje. Yashin da nake saya mata a buhu irin mai dunƙulewar nan ne in ta yi fitsari. Duk sanda na zuba shi, ko ta hau tono, sai ƙura ta tashi ta kwanta a kan kaya. Kwanan nan ta fara atishawa, wani lokaci har da tari, ga ɗana yana da asma. Wane iri zan koma wa? Yashin gini zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yashin gini zai yi, in an gyara shi, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara da inda ƙurar take fitowa, don shi ne zai taimake ki wajen zaɓe.

Abin da ke cikin buhunki yumɓu ne da ake kira bentonait, an busar da shi an farfasa ƙwaya-ƙwaya. Da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya manne, shi ya sa fitsari ke dunƙulewa. Matsalarsa, busasshen yumɓu ba ya jure guga. Buhun da aka yi ta lodi da saukewa daga Legas har Zariya, ƙwayoyinsa sun goge juna, ƙasan buhun ya zama gari. Ita kuwa kyanwa in tana tono hancinta na dab da yashin, ita ke fara shaƙa, sannan ta lashe wanda ya maƙale mata a gashi. Ga hunturu, iska ta bushe, gari cike da hazo, kowane ƙaramin gari sai ya daɗe yana yawo a ɗaki.

Kada rubutun jikin buhu ya ruɗe ki, ko da an ce kashi 99 cikin 100 ba ƙura. Gwada da kanki. Ki ɗebi kofi guda, ki rufe taga, ki kunna tocila a gefe, ki zubo shi cikin baho daga tsayin kamu ɗaya. In kin ga hayaƙi-hayaƙi a cikin hasken, ƙura ce. Ki kuma murza 'yan ƙwayoyi a kan baƙin ƙyalle: mai kyau ba ya barin farin shafi. Ki fara da ƙaramin buhu kafin ki sayi babba.

A cikin na saye, wanda ya fi ƙarancin ƙura shi ne na takarda da aka matse ta zama 'yan sanduna. Likitocin dabbobi kan ba da shi ga kyanwar da aka yi wa tiyata, don ba ya shiga ciwo. Sai dai ba ya dunƙulewa, ba ya riƙe wari sosai, dole a riƙa sauya shi duk bayan 'yan kwanaki. Na katako da aka matse shi ma kusan ba ƙura lokacin zubawa, kuma yana danne zarnin fitsari, amma inda ya jiƙe sai ya ruguje ya koma dusa. In dusar ta bushe kyanwa ta tona, ƙurar da kika gudu ta dawo. Maganin wannan baho biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na sama a huda ƙasansa da ƙusa mai zafi, ramuka na kimanin milimita 4, waɗanda sandunan ba za su wuce ba. Kullum ki girgiza, dusar ta faɗa na ƙasa, ki zubar.

Akwai kuma na dusar waken suya, irin wadda ke saura bayan an tace awara. Yana dunƙulewa, ƙurarsa kaɗan ce, kyanwar da ta saba da mai dunƙulewa takan karɓe shi da wuri. Tsada ce damuwarsa, sai kuma damina: da yake abinci ne a asali, in ya sha laima yakan yi fumfuna ya jawo ƙwari. Daga Yuni zuwa Satumba a ajiye shi cikin bokiti mai murfi. Na ƙwayoyin silika masu kama da gishiri yana shan fitsari sosai, amma in ya tsufa yakan dagargaje, wasu kyanwoyin kuma ba sa son takunsa. Ba shi muke fara ba da shawara ba.

Yanzu yashin gini, wanda a ganinmu shi ya fi dacewa da yawancin gidaje a nan, don ba ya yankewa kuma ba ya cin aljihu. Ki nemi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na buga bulo, ba mai laushin nan na filasta ba. Ƙwayar yashin kanta ba ta tashi. Abin da ke tashi lakar da ke haɗe da ita ce, kuma ruwa na fitar da ita. Ki zuba yashi rabin bokiti, ki cika da ruwa, ki dama da itace, ki tsiyaye jan ruwan, kamar dai wankin shinkafa. Ki maimaita sau huɗu ko biyar har ruwan ya fito garau. Na ƙarshe ki kwarara masa tafasasshen ruwa ya rufe shi, domin yashin bakin rafi, na Galma ne ko na Kubanni, dabbobi na ratsa shi, yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da na ƙuma. Sai ki baza shi a kan kwanon rufi a rana ya bushe ƙayau, ki tankaɗe da ragar taga a tsakar gida: abin da ya wuce ta ragar ki watsar, wanda ya tsaya shi ne naki. Ki tsince manyan duwatsu.

Abin da za ki rasa shi ne dunƙulewa. Yashi ba ya shanye fitsari, ƙasa yake gangarawa ya taru, don haka zurfin santimita 5 ya isa, ki kwashe kashi safe da yamma, ki juye duka bayan kwana biyu ko uku. Ki wanke mai yawa lokaci guda ki adana a buhu, musamman kafin ruwa ya sauka, don shanya a watan Agusta wahala ce.

Toka kam kada ki kusance ta, ƙura ce zalla kuma tana cin fatar ƙafa in ta jiƙe. Garin katako na wurin masu yanka katako ma haka: ya yi laushi da yawa, kuma ba ki san wane maganin gara aka shafa wa itacen ba. Duk mai ƙamshin turare ki bar shi, ƙamshin kansa na tayar da tari.

Yadda ake sarrafa yashin ma rabin aikin ne. Ki yanke kusurwar buhu, ki kai bakinsa har cikin baho kafin ki zuba, a waje in da hali. Garin ƙasan buhu kada ya shiga. Baho buɗaɗɗe ya fi mai rumfa, don rumfar na tara ƙura daidai inda kyanwar ke numfashi. Tsawonsa ya kai tsawon jikinta ɗaya da rabi. Kada ya zauna ƙarƙashin fanka ko a ɗakin da yaron ke kwana, kuma gefensa a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Wurin wanke bahon ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar. Dettol da Izal guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa sinadaran da ke cikinsu. In akwai mai juna biyu a gidan, wani ya karɓi aikin kwasar kashin saboda cutar tokzoplasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa kuma tana iya cutar da ɗan da ke ciki, kuma a kwashe kullum, don ƙwayar sai ta kwana aƙalla ɗaya a waje kafin ta iya kama mutum.

Kada ki sauya mata dare ɗaya, za ta iya ƙi ta koma yi a kan katifa. Ki fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, bayan kwana uku rabi, a haka har kwana goma. In 'yan sanduna ne, ki shimfiɗa su a ƙasan bahon ki rufe da tsohon yashin, kina rage shi a hankali.

Tarin nan da kika ambata ya fi damun mu fiye da atishawar. Kyanwa ma tana kamuwa da asma. Alamarta, ta duƙa dab da ƙasa, ta miƙe wuya gaba, tana tari kamar za ta yi amai amma ba abin da ke fitowa. Ki ɗauke ta bidiyo da waya in ta fara, ki kuma ƙirga numfashinta tana barci: in yana wuce 30 a minti, ba daidai ba ne. Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko wani likitan dabbobi na kusa, don tsutsar huhu da ciwon sanyin ƙirji su ma suna kawo tari, kuma maganinsu daban. In kuwa ta fara numfashi baki buɗe, a ranar za ki tafi, ba jira. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, yana kashe kyanwa. Kafin nan ki nisanta ta da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa da na fesawa.

Shi ma yaron, ki gaya wa likitansa akwai kyanwa a gidan. Wasu masu asma ba ƙurar yashin ke tayar musu da ita ba, wani sinadari ne da ke cikin yawun kyanwa da fatarta, wanda sauya yashi ba zai kawar ba. Kafin a tantance, kada kyanwar ta shiga ɗakin kwanansa, kuma kada a sa shi kwasa ko zuba yashin. Allah Ya ba su lafiya.