Ɗana zai tafi karatu Bandung: wace irin rayuwa matasan Indunusiya ke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu gurbin karatu a birnin Bandung na ƙasar Indunusiya, amma hankalina bai kwanta ba, don ban san halin matasan can ba. Me zai tarar, kuma a kan me zan ja masa kunne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya dawo miki da shi lafiya.

Zai tarar da ƙasa mai cike da sa'o'insa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 270, kuma waɗanda aka haifa tsakanin 1997 da 2012 sun kusa kashi 28 cikin ɗari. Babbar al'adarsu ita ce zaman hira da suke kira nongkrong. Da yamma za ki ga samari da 'yan mata sun cika shagunan kofi, kowa da kofin roba na kofi mai madara da sukarin kwakwar aren, da ƙanƙara a ciki, waya a hannu, ana wasan Mobile Legends ko aikin makaranta har dare. Zirga-zirga kuwa acaba ce, sai dai ta manhajar Gojek ko Grab ake kiran ɗan acaban.

Ta fuskar addini, ki kwantar da hankalinki. A Bandung ɗin nan ne Ustaz Hanan Attaki, wanda ya yi karatu a Azhar, ya kafa ƙungiyar Pemuda Hijrah a 2015, yana wa'azi cikin hular sanyi da yaren matasa, har 'yan babur da masu wasan allon taya suka riƙa cika masallaci. Wasu malaman can na sukar wannan salo da cewa ado ya fi ilimi yawa, kuma a ganina sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka, yaron da ke son sallah ba zai rasa abokin tafiya masallaci ba. Tun 2015 ma aka hana ƙananan kantuna sayar da giya.

Abin da ya fi damuna biyu ne. Na farko taba. Kusan biyu cikin uku na mazan ƙasar suna shan ta, musamman kretek mai kanumfari, kuma miƙa wa baƙo kara ɗaya tamkar gaisuwa ce. Ki koya masa cewa a'a cikin ladabi.

Na biyu, wanda ya fi haɗari, yana cikin wayarsa: bashin intanet da suke kira pinjol, da cacar intanet, judol. Yaro ya ga takalmi a TikTok, ya ci bashi cikin 'yan mintuna, ruwa ya hau, sai ya shiga caca don ya biya. Masu ba da bashin da ba su da rajista suna kwashe lambobin da ke wayar mutum, su bi danginsa da abokansa da saƙon tozarci. Dokar hukumar kula da harkokin kuɗi ta OJK ta yarje wa manhajojin bashi masu rajista su taɓa kyamara, makirufo da wurin da mutum yake kawai. Duk wadda ta nemi lambobin waya ko hotuna, ya goge ta nan take.

Kafin ya tashi, ku yanke ranar da kuɗin wata za su riƙa isa gare shi, ku kuma yi alkawari: in aljihu ya bushe, ke zai fara kira, ko da tsakar dare ne, kuma ba za ki yi masa faɗa ba.