Yadda Ake Gane Ƙwayar Taifot A Ɗakin Gwaji

Tambaya: An yi min gwajin Widal aka ce ya nuna taifot, sai likita ya ce a sake ɗibar jini a raini ƙwayar cutar. Na farkon bai isa ba ne?

Amsa: Malam, bai isa ba. Gwajin Widal, wanda aka fara tun 1896, ba ya ganin ƙwayar cutar, martanin garkuwar jiki kawai yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifot a baya, ko ya yi rigakafi, ko yake fama da maleriya, duk gwajinsa na iya hawa. Tabbaci yana samuwa ne idan an tsiro da ƙwayar Salmonella Typhi kanta, wato ƙwayar da ke kawo taifot, daga jini.

A makon farko na zazzaɓi aka fi dacewa da ita. Ƙwayoyin ba su da yawa a jini, galibi ba su wuce ɗaya a kowace mililita ba, shi ya sa ake ɗibar mililita 10 daga babba, yaro kuma 2 zuwa 4. Ana zubawa a kwalbar ruwan raino, kashi ɗaya na jini cikin kashi biyar zuwa goma na ruwan, a ajiye a ɗumin digiri 37 har kwana bakwai ana dubawa. A nan ake yawan yin asara: jini kaɗan aka ɗiba, ko majinyaci ya riga ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ba a goge fata sosai ba ƙwayoyin fata suka gurɓata kwalbar. Ko an yi komai daidai, kusan rabin masu cutar ne jininsu ke tsirowa. Ɓargo ya fi nunawa, sai dai ɗibarsa da ciwo.

Da an ga alamar tsiro sai a shafa a farantin MacConkey, wani farantin raino mai ɗauke da sukarin madara, wato laktos, wanda ƙwayoyin da ke narkar da shi ke fitowa ja a kansa. Ƙwayar taifot ba ta narkar da sukarin laktos, don haka tana fitowa fari-fari, ba ja ba. A bututun TSI, wani bututun raino mai sukari iri uku da sinadarin ƙarfe, sama kan yi ja, ƙasa rawaya, da ɗan siririn baƙi, kuma babu kumfar iska; Paratyphi A kuwa, 'yar uwarta mai kawo zazzaɓi irin na taifot, tana yin iska. Daga nan a gwada da ruwan tantancewa na O9, Hd da Vi, wato alamomin da ke jikin ƙwayar; idan alamar tana nan, ƙwayoyin kan dunƙule a cikin ruwan. Wani lokaci Vi kan rufe O9 ya ƙi dunƙulewa, sai an tafasa ƙwayar an sake gwadawa.

A ƙarshe ana gwada magunguna a kanta, domin tun 2016 aka samu irin da ya gagari yawancin magunguna a lardin Sindh na Pakistan.